Gudajin laka a gidan ruwa: tambayoyi da amsoshi kan yadda yake haɗuwa, ya fashe, ya sake haɗuwa

Duk shekara in ɗalibai suka zo mana koyon aiki a gidan ruwa, inda suka fi daɗewa a tsaye shi ne bakin tankin nan da farfela ke juyawa a hankali, suna leƙen wani abu mai kama da tsakin auduga yana yawo cikin ruwa. Mu a wurin aiki fulok muke ce masa, amma ni na fi son in ce gudaji, don duk wanda ya taɓa dama kunu ya san gudaji. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kullum, wasu kuma daga abokan aiki masu kwanan dare suke fitowa, to shi ne na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaici.

Malam wai me ya hana lakar kwanciya da kanta, sai an zuba mata magani?

Abu biyu, ƙanƙanta da caji. Yashi mai kaurin milimita 1 in ka sake shi a ruwa cikin sakan 10 ko kusa da haka ya sauka mita guda, amma ƙwayar yumɓu mai maikiron 1 (maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya, silin gashin kanka ma ya kai maikiron 50 zuwa 100) sai ta yi fiye da mako kafin ta sauka mita ɗayan nan, wadda ta fi ta ƙanƙanta sau 10 kuwa maganar shekaru ake yi. Wannan lissafin George Stokes ne tun 1851, in ka rage girman ƙwaya sau 10 saurin saukarta ya ragu sau 100.

Sai caji. Kusan duk ƙwayoyin yumɓu da dattin ganye da ke cikin ruwan kogi cajin mainos ne a jikinsu, kuma ka san mainos da mainos basa shiri, kamar ka ɗauko maganaɗisu biyu ka haɗa kai iri ɗaya, tura juna kawai za su yi ta yi. Don haka ko sun zo dab da juna basa mannewa, kowacce tana gararinta ita kaɗai, ruwan ya zauna jawur.

Zuba alif da wannan juyin a hankali ba aiki ɗaya ba ne?

A'a, biyu ne, kuma wanda ya haɗa su ya yi asarar alif. Na farko kashe cajin ne. Alif yana ɗauke da alminiyam mai cajin fulos, da ya taɓa ruwa cikin sakan kaɗan ya rikiɗe, wani ya manne jikin lakar ya kashe mata mainos ɗin, wani kuma ya zama farin abu mai yauƙi kamar koko da ya fara kauri, shi wannan yana tafe yana share duk abin da ya ci karo da shi. Saboda abin na sakan ne dole a buga ruwan da ƙarfi a daidai inda ake zuba maganin, in ba haka ba wani gefen ya sha da yawa wani gefen ko ɗigo bai samu ba.

Na biyu shi ne ba su damar haɗuwa. An kashe caji, to amma sai sun yi karo kafin su manne ai. Marian Smoluchowski, masanin kimiyya ɗan Folan, shi ya yi lissafin karon nan wajen 1917, ƙananan ƙwayoyi 'yan ƙasa da maikiron rawar jikinsu kaɗai tana haɗa su, amma da sun ɗan girma sai an motsa ruwan, wani layi ya fi wani gudu, na baya ya cim ma na gaba. A 1943 Camp da Stein a Amurka suka kawo lambar da muke ce wa G, wato ma'aunin ƙarfin juyi. Wurin zuba magani G yana kai 300 zuwa 1,000 na ƙasa da minti guda, a tankin gudaji kuwa 20 zuwa 70 ne, na minti 20 zuwa 30 ko fiye kaɗan.

Gudajin yana girma ne kamar curin fura, ana ƙara masa yana ƙara nauyi?

Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, har da ni a farko. Curin fura dunƙulalle ne, in ka raba shi gida biyu ciki da waje duk ɗaya. Gudaji ba haka yake ba sam. Ka tuna yadda ake jibga ƙaya za a yi shingen gona, ka jefa reshe ya maƙale a inda ya fara taɓawa, ka jefa wani ya maƙale a kan tsinin wancan, kafin ka ankara tulin ya fi ka tsawo amma in ka leƙa ciki iska ce zalla, kaza ma tana iya ratsawa. To haka ƙwayoyin laka suke yi, biyu su manne, biyun su haɗu da wasu ukun, wannan ƙungiya ta ci karo da waccan, kuma da yake da tsini suke fara taɓa juna ba mai shiga cikin wani, kowane haɗuwa sai ya bar rami a tsakani, ramin kuma ruwa ne a ciki.

Abin da zai baka mamaki shi ne, yana ƙara girma yana ƙara zama fanko. Manyan ƙungiyoyi biyu in suka haɗu ramin da suke bari ya fi na ƙanana girma. Tambo da Watanabe a Japan sun auna wannan suka wallafa a 1979, gudajin alif yana girma nauyinsa gwargwadon girmansa yana raguwa, har ya zo dab da nauyin ruwan da yake ciki. Wasu masu bincike a Beljiyam, François da Van Haute, su kuma hawa huɗu suka kasa shi, ƙwayar asali, sai 'yan ƙananan dunƙule masu tauri, sai gudajin da aka gina da su, sai kuma tarin gudaji da suka rataya da juna sako-sako. Na ƙarshen nan shi ne kake gani da ido kana murna, kuma shi ne mafi rauni a cikinsu.

Oga lambobin nan da nake gani a takardu, 1.8 da 2.1 da 2.5, me suke aunawa?

Lambar firaktal kenan, ni lambar cikowa nake ce mata. Kalmar firaktal Benoit Mandelbrot ne ya ƙirƙiro ta a 1975, don siffofi irin na reshen bishiya ko jijiyar ganye, waɗanda in ka yanki ƙaramin sashe sai ka ga ya yi kama da babban. Lambar tana tsakanin 1 da 3. Zare miƙaƙƙe 1 ne, dunƙulallen dutse da ba rami 3 ne, gudaji yana wani wuri a tsakani.

Bari mu yi lissafi da hannu don kar ya zama tatsuniya. Ɗauki ƙwayar yumɓu mai maikiron 2, ta shiga gudajin da ya kai maikiron 200, wato ya ninka ta sau 100 a faɗi. In da dunƙulalle ne, lamba 3, ƙwaya wajen 1,000,000 zai ci. In lambarsa 2 ce ƙwaya 10,000 kacal ke ciki, kashi 1 cikin 100 kenan, sauran 99 ɗin ruwa ne. In 1.8 ce wajen 4,000, in 2.3 ce wajen 40,000. Kaga tsakanin 1.8 da 2.3 a takarda kamar ba komai, amma a cikin tanki ninki 10 ne na lakar da gudaji mai girma iri ɗaya yake ɗauke da ita, kuma wannan ninkin shi ke raba wanda zai nutse da wanda zai bi ruwa ya tafi filta.

Su 1.8 da 2.1 ɗin daga gwaji a ruwan da ba a motsa shi suka fito, an fara ganinsu a kwamfuta a farkon shekarun 1980 sannan aka tabbatar a ɗakin gwaji. In an kashe caji gaba ɗaya, duk karo sai an manne, ana samun wajen 1.8, irin shingen ƙaya ɗin nan. In da sauran caji kaɗan, sai sun yi karo sau da yawa kafin ɗaya ya kama, to a nan suna samun damar zamewa su ɗan shige cikin juna, ana samun wajen 2.1. Abin dariya dai, wanda ya sha wahalar mannewa shi ya fi cika. A tanki mai juyi kuma lambar na iya wuce haka.

To daga minti na farko zuwa na talatin me ke canzawa a jikinsa?

Je ka tsaya gaban kofin gwaji da tocila a gefe ka gani da idonka. Minti ɗaya ko biyu na farko kamar ba abin da ke faruwa, ruwan ya ɗan yi hazo kawai, amma a lokacin ne 'yan ƙananan dunƙulen nan masu tauri ke haɗuwa. Sai ka fara ganin ɗigo-ɗigo kamar kan allura. Daga nan abin ya ɗauki gudu, don duk wanda ya girma ya fi faɗin hannun kama na kusa da shi, cikin minti biyar zuwa goma sun zama manya masu gashi-gashi, dogaye, wasu kamar an yagi auduga. A wannan zangon lambar cikowa ƙasa take yi, girma ake yi amma ramuka ake tarawa.

Sai ya kai wani girma da ruwan ya fara jin sa. Juyin yana lanƙwasa rassan da suka fito waje, wasu su karye, wasu su kwanta su manne a wuri na biyu da na uku, ɓaraguzan da suka karye su faɗa cikin ramukan wani. Duk wanda ya taɓa sayen gero ya ga yadda mudu ke yi in an cika shi aka girgiza, hatsin ya zauna, sai an ƙara. To haka, gudajin ya ɗan tsuke, ya fi zagaye, lambar ta ɗan hau. Shi ya sa wani lokaci zaka ga ya kai ƙololuwar girma a minti na goma sannan ya ɗan rage, ɗalibi ya ce Malam ya lalace, alhali zama ya yi. Spicer da Pratsinis sun bi diddigin irin wannan sauyin da alif a tanki mai juyi a 1996.

Daga nan sai a kai inda haɗuwa da fashewa suka yi kunnen doki. Girman ya tsaya a ido, amma ba wai an daina aiki ba ne, wasu na karyewa wasu na haɗuwa daidai wa daida. Ƙara lokaci bayan nan ba ya ƙara komai, in ma ya yi yawa rage shi yake yi.

Shi ya sa tankunan da aka gina da hankali ɗaki-ɗaki ne, na farko juyi da ɗan ƙarfi don a gina tubali masu tauri, na tsakiya a sassauta, na ƙarshe a lallaɓa. In ka juya tsarin ka samu manyan fanko da wuri sannan ka farfasa su da hannunka.

Me ke fasa shi tunda a hankali ake juyawa?

A hankali a idonka. Ruwan da ake juyawa cike yake da 'yan guguwoyi, babba ta haifi ƙarama, ƙarama ta haifi wadda ta fi ta, har a kai wadda ba ta iya haihuwa saboda kaurin ruwa ya shanye ta. Andrey Kolmogorov na Rasha shi ya yi lissafin wannan 'yar autar a 1941. In G yana 50 a ruwa mai zafin digiri 20, faɗinta wajen maikiron 140 ne, kaga daidai unguwar da gudajinmu ke zaune. Wanda bai kai ta girma ba galibi goge masa baya take yi, tana zaftare 'yan ƙwayoyi daga fatarsa. Wanda ya fi ta girma kuwa sai wata ta ja kansa gabas wata ta ja ƙafarsa yamma, ya rabe gida biyu ko uku daga inda ya fi rauni. Rabewar da sauƙi, manyan gutsattsari suna nutsewa. Zaftarewar ce matsala don ƙurar da take fitarwa ita ke hana ruwa yin garau.

Kuma G ɗin da muke rubutawa matsakaici ne na tanki duka, a bakin farfela kuwa ƙarfin ya ninka haka sau da yawa, kowane gudaji kuma sai ya bi ta wurin.

In ya fashe ba sai a rage juyi ya sake haɗuwa ba?

Zai haɗu amma ba zai koma yadda yake ba, musamman na alif. John Gregory na Kwalejin Jami'a ta Landan da abokin aikinsa Yukselen sun gwada wannan a farkon shekarun 2000, a gina gudaji, a buga shi da ƙarfi, a koma juyin farko, sai ya tsaya a ƙasa da girmansa na da sosai, kuma in an daɗe ana bugun farfaɗowar ta ƙara lalacewa. Yauƙin alif ɗin nan yana da danƙo ne lokacin da yake sabo, in ya yage fuskar da ta yage ba ta kamawa kamar da. Wanda aka haɗa da folima (wani maganin haɗa gudaji mai dogon sili kamar zare) mai cajin fulos ta hanyar kashe caji kawai shi yana komawa kusan daidai.

Ni wannan ba a takarda na fara koyonsa ba. Wata damina a wata matata da na yi aiki, gudajin ɗakin ƙarshe gwanin sha'awa, manya kamar ƙwayar wake, amma a bakin tankin kwanciya sai ƙura-ƙura ke tsallakewa, filta tana toshewa tun kafin lokacin wankinta. Kwana biyu muna ƙara alif muna rage alif muna zargin laim (farar hodar da ake sawa don rage tsamin ruwa), ni har na fara zargin buhunan da aka kawo. Rana ta uku da asuba wani dattijo da ke kula da bawul-bawul, wanda ko sakandare bai yi ba, ya ɗauko kofin gilas guda biyu ya ce "yaro zo nan". Ya ɗebi ɗaya a gaban wata ƙofar ƙarfe da ke kan kwatar da ta haɗa tankunan biyu, ya ɗebi ɗaya a bayanta, ya ɗaga su a hasken fitila. Na farko wake, na biyu garin wake. Ashe an sauke ƙofar rabi lokacin wani gyara aka manta, ruwan yana matsewa ta ƙarƙashi yana tafasa kamar tukunya. Na ce Baba ai shi kenan, ya ce "ai da ma shi kenan ɗin ne, ku ne kuka tafi neman sa a buhu". Muka ɗaga ƙofar, kafin azahar ruwa ya gyaru ba tare da an ƙara ko cokali ba. Littattafan gini suna cewa ruwan da ya riga ya yi gudaji kar gudunsa a kwata ko bututu ya fita daga wajen mita 0.15 zuwa 0.45 a sakan, ƙasa da haka ya kwanta a hanya, sama da haka ya farfashe, kuma ba a sa shi ya faɗo daga tudu ko ya bi ta famfo.

Kenan babba shi ne mai kyau ko ƙarami?

Ya danganta da inda zaka kai shi. In tankin kwanciya ne kana son girma da cikowa tare. Dunƙulallen abu in ya ninka girma saurin nutsewarsa ya ninka sau 4, amma gudaji mai lamba 2 in ya ninka girma sau 2 kawai saurin ke ninkawa, kaga ribar girma ba ta kai yadda ake zato ba, kuma ƙaton fanko iska ma in ta kaɗa saman tanki ko rana ta dumama ruwan sama sai ka ga yana tasowa. Matsakaici mai nauyi ya fi min ƙato mai gashi sau goma.

Inda ake tura ruwa kai tsaye zuwa filtar yashi ba tare da tankin kwanciya ba, ƙanana masu tauri ake so don su shiga cikin yashin, manya saman suke liƙewa. Inda ake ɗaga datti sama da kumfar iska, kamar ruwan dam mai gansakuka, nan ma ƙanana marasa nauyi ake nema. Akwai kuma tsarin Actiflo da ake zuba lallausan yashi da gangan gudajin ya ginu a kansa, an ba shi dutse a ciki kenan, nutsewarsa kamar an jefa tsakuwa. Sai taɓon da ake kwashewa a ƙasan tanki, na fanko ruwa ne cike da shi, ya fi yawa ya fi wuyar bushewa.

In gudaji bai fito ba in ƙara alif?

Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin hakan, amma tsaya. Alif yana cin alkalinitin ruwa, wato ƙarfinsa na jure tsami, kowane miligiram 1 yana cinye wajen rabin miligiram, in ruwan ba shi da shi da yawa pH (ma'aunin tsami, yana sauka tsami na ƙaruwa) ya faɗi, alif kuma ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5 ko kusa. In pH ya yi ƙasa kuma ka ƙara magani, fulos ya yi wa lakar yawa, ta tashi daga mainos ta koma fulos, su ci gaba da tura juna kamar ba a yi komai ba, ka kashe kuɗi ka dawo gidan jiya. In pH yana daidai, ƙarin alif yana ba da gudaji mai yawa da sauri amma mai ruwa-ruwa, don yauƙin ya fi lakar yawa a cikinsa. Sannan ragowar alminiyam tana bin ruwa zuwa gidajen mutane, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya miligiram 0.2 a lita ta yarda da shi. Auna pH tukuna, in laim ake buƙata a sa laim.

Folima fa?

Shi igiya ne. Dogon sili ne da kansa ɗaya ke kama wannan gudajin wutsiyarsa ta kama wancan, sai a samu manya masu ƙarfin jure juyi. Kaɗan ake sawa, galibi ƙasa da miligiram 1 a lita, kuma bayan alif ya gama nasa ƙananan gudaji sun fito, ba tare ba. In ya yi yawa ya lulluɓe ko'ina ba sauran wurin kamawa, ya je ya liƙe yashin filta. In igiyar ta tsinke kuma ta tsinke kenan.

Me ya sa aikin damina daban da na rani?

Ruwan damina kaya ne da shi. Wanda ake ja a Challawa ko Tamburawa a Kano a watan Agusta, ko na kogin Kwara da ake ja a Gudel a Yamai lokacin jan ambaliyar nan da koguna irin su Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, laka ce fal. Yana cin magani, amma gudajinsa yana fitowa da sauri kuma da nauyi, don ƙwayoyin sun cika wuri karo ba wuya, kuma yumɓu ne a cikinsa ba yauƙi zalla ba. Wahalar damina ita ce ruwan yana canzawa cikin awa guda bayan hadari, awon safe ba ya yi wa yamma.

Ruwan da ya fi ba ni ciwon kai shi ne mai ɗan haske na hunturu. Ƙwayoyin kaɗan ne, kamar kasuwar da ba ta ci ba, ka yi ta yawo ba ka ci karo da kowa ba. Ga sanyi, ruwa mai digiri 10 ya fi mai digiri 20 kauri da wajen kashi 30 cikin 100, alif ma yana jinkirin rikiɗa, gudajin ya fito ƙanana masu rauni ya kuma yi nawar nutsewa. A irin wannan lokacin PAC, wani magani ɗan'uwan alif mai alminiyam, ya fi alif jure sanyi, wasu matatun kuma suna dawo da ɗan taɓon ƙasan tanki zuwa farko don a ƙara jama'a a kasuwar.

Ya ake auna abin da in ka taɓa shi ya watse?

Da dabara. Wasu kyamara suke kafawa a jikin tanki kwamfuta ta auna faɗi da kewayen inuwar, wasu hasken leza suke haskawa su ga yadda ya warwatsu, wasu kuma su saki gudaji ɗaya-ɗaya cikin dogon gilas su auna girmansa da saurin saukarsa su juya lissafin Stokes baya. Kowace hanya lambarta daban, ta hoto ma ba ta iya wuce 2 tunda inuwa ce a shimfiɗe, don haka kar ka ɗauko lambar wannan ka gwada da ta wancan ka ce wani ya yi ƙarya. Kuma ɗiban samfur da sirinji ko bututu yana fasa abin da kake son aunawa tun kafin ya isa injin.

A gida in na sa alif ko ƙwayar zogale a randa, duk wannan ya shafe ni?

Ƙwarai. Iyayenmu mata da ke kaɗa alif a ruwan rafi aikin nan suke yi ba tare da G ba. Ki narka shi tukuna ko ki kaɗa dutsen a ruwan da sauri na ɗan lokaci ki cire, ki buga da muciya kamar minti ɗaya, sannan ki sassauta hannu ki yi ta juyi a hankali minti biyar zuwa goma, sai ki bar shi kar yara su jijjiga. Wajen tsiyaya ma a hankali, in kin motsa na ƙasa ba zai sake kwanciya da kyau kamar na farko ba. In ruwan ya yi bauri a baki alif ya yi yawa.

Zogale kuwa furotin ne mai cajin fulos a cikin ƙwayarsa, matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da shi, Samia Al Azharia Jahn ta yi rubutu sosai a kansu. Masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin da abokan aikinsu na kudancin Afirka sun gwada furotin ɗin a kan 'yan ƙwayoyin roba na gwaji suka samu gudaji cikakke ƙwarai, lambarsa ta kusa 3. Bai cika taɓa pH ba, ya fi aiki a ruwa mai laka sosai, sai dai yana barin ɗan abincin ƙwayoyin cuta a ruwan, don haka ba a ajiye shi kwana da kwanaki. Kuma dukansu biyun rage ƙwayoyin cuta suke yi tare da lakar, basa gamawa da su, a tafasa ko a sa kulorin bayan nan. Dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son duhun ruwa ya sauka ƙasa da NTU 1 (NTU shi ne ma'aunin duhun ruwa) kafin kulorin kenan, ƙwayar cuta tana ɓuya a jikin laka.

Gwajin kofuna shida da ake yi don gano yawan alif ɗin da za a zuba ya yi kyau a ɗakin gwaji amma tanki ya ƙi, ina matsalar?

Kofi lita ɗaya ne, kai ka zuba maganin da hannunka a sakan guda, ka juya daidai minti 15 ko 20, ka kashe inji, ba kwata ba ƙofa ba iska. Gudajin kofi bai taɓa shan wahala ba. A tanki wani ruwan yana yanke hanya ya fita a minti biyar, wani ya maƙale a kusurwa awa guda, an ɗauke wuta farfela ta tsaya gudaji ya kwanta a inda bai kamata ba, an dawo da wuta ta tashe shi da duka. In tankin mai katangu ne da ruwa ke zagayawa da kansa ba farfela, to ƙarfin juyinsa yana bin yawan ruwan da ke shiga, ranar da aka kashe famfo ɗaya G ya faɗi ba wanda ya taɓa komai.

Abin da nake sa ɗalibai su yi yanzu, bayan gudaji ya nuna a kofunan, su mayar da inji kan gudu na sakan 30 sannan su koma a hankali minti goma su ga wanne kofi ya farfaɗo, sau da yawa ba wanda ya fi kyau a zagayen farko ba ne. Sannan in ba su kofin gilas biyu in ce su bi ruwan da ƙafa, daga inda ake zuba alif har bakin filta, duk inda suka ji ƙarar ruwa ta canza su tsaya su ɗiba gaba da baya.